"Kayan aro ba ya rufe katara": wai har da zanin uwa in an yanka wa 'ya?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu Hausa a baki ku raba ni da wata gardama da nake ta yi da zuciyata. Sallar da ta wuce abubuwa sai a hankali, ban so na matsa wa maigidan ba, sai na buɗe akwati na zaro wata tsohuwar super ta lefena, na ɗaura ta na ɗaura har na gaji amma kalarta na nan ba ta koɗe ba, na hau keke na fitar wa 'yan biyuna dogayen riguna, ta Hassana daga zanin, ta Husaina kuma na haɗa rigar da ɗankwalin. Wlh sun yi kyau, ni kaina sai da na tsaya ina kallonsu. Muka je gaisuwar sallah gidan surukai, facalata na ganinsu ta kama gefen rigar ɗaya tana murzawa tace "iye an sha kwalliya, amma dai kayan aro ba ya rufe katara". Na yi dariyar yaƙe kawai don gaban Hajiya ne. To ni tambayata, wannan karin maganar ta hau nan kuwa? Aro a wajen wa na yi, kayana ne fa, 'ya'yana ne.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Maman Biyu bari mu fara da katarar tukunna don yaran yanzu da yawa suna faɗin maganar ba su san ina ce ba. Katara ita ce gefen cinya can sama inda ta haɗu da ƙugu, wato daidai wurin da zani in ya yi wa mace kaɗan yake fara tona mata asiri in ta ɗaga ƙafa. Abin da Bahaushe ya hango abu biyu ne. Kayan aro ba da awonka aka yanka shi ba, don haka dole wani wuri ya gaza. Sannan mai shi na iya cewa a ba shi abinsa a kowane lokaci, ko a tsakar taro ne. Shi ya sa ake jefa ta ga mai fankama da motar wani, ko wadda ta ari sarƙa ta je biki tana ɗaga wuya, har ma mai riƙe da kujera ya manta ba tasa ba ce. Ke kuwa wa zai zo ya ce ki cire wa yaran ki ba shi? A nawa ganin facalarki ta ɗauko maganar ne don kawai akwai kaya a ciki, ba don ta dace ba.

Telan Fagge:
Malam ya gama magana, ni dai nawa ɗan ƙari ne na sana'a. Wa ya taɓa aron zani ya sa masa almakashi? Ai ranar da ƙarfe ya shiga ƙyalle ranar aro ya ƙare, ko naka ne ko kuma ka shirya biya. Kuma anti ki daina jin wani iri, mu a shago duk ƙaramar sallah sai an kawo mana irin wannan, wasu ma a baƙar leda suke ƙunshe shi suna rage murya kamar kayan sata. Zani falle ɗaya kusan yadi biyu ne cikin shidan turmi, yana fitar da doguwar rigar yarinya 'yar shekara uku zuwa huɗu har a samu ɗan abin ɗaure kai. Sai dai fa tsohon zani yana da wurin da yake mutuwa, tsakiyarsa inda ake zama da kuma bakin sama inda ake sokewa. Kafin ki yanka ki ɗaga shi saitin rana, duk inda kika ga haske na ratsowa sosai ki zagaye shi da alli ki kauce masa. Kuma ki bar kalmasa mai faɗi a ƙasa, kamar inci uku, baɗi sai ki warware ki sake ta.

Bazazzagiya:
Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ba wai ina goyon bayan facala ba, maganar gaban suruka rashin ta ido ne, amma ku daina cewa karin maganar ba ta da wurin zama sam. Ni aka yi wa. Ina 'yar shekara tara Ummanmu ta yanka min wata atamfarta mai zanen fanka, duk layinmu an san ta da ita don da ita take zuwa suna da biki, na saka ranar sallah ina ta rawar kai, muna fita yawon sallah wata yarinya ta nuna ni tace "laa zanin Ummanku ne", shikenan suka ɗauka har yamma, na dawo gida na cire ban ƙara sakawa ba, Umma ta yi faɗa ta yi lallashi na ƙi. Yanzu da na girma na san abin da ta rufa mana, Allah ya jiƙanta, amma a ranar ji na yi kamar a tsirara nake. To ku gaya min, rigar ta rufe katarata? A jiki ta rufe. Amma abin da aka so ɓoyewa, wato babu, ai bai ɓoyu ba. Ina ga nan facalar ta dosa, kowa ya san atamfar lefen ce.

Malam Mai Alli:
Allah ya jiƙan Umma. Kin kawo abin dubawa gaskiya, don katara a maganar ai asiri ake nufi ba naman cinya ba. Amma duk da haka kalmar aro ce ta tsaya min a wuya. Abin da ya same ki sunansa an gane, ba sunansa an ara ba. Da za ta ce "an dai san asalin balbela" da na ce ta yi Hausa, ko da cin fuska ne.

Inna Mai Keke:
Jikata ce ke rubuta min, ni ce ke faɗa. Ku yaran nan kuna ba ni mamaki, yaushe yanka wa yaro zanin uwarsa ya zama abin ɓoyo? Mu a Kaduna muka yi zaman aure, Malam yana aiki a masaƙa a Kakuri, lokacin masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957 tana aiki, ga masaƙar UNTL ga ta Arewa, atamfa auduga ce zalla ba wannan mai santsi kamar leda ba, kuma duk da yadi na ƙofar gidanmu ba mu taɓa yar da zani ba. In ya gaji da ɗauri ya koma rigar yara, abin da ya ragu a yi majanyi, in ya ƙara laushi ya zama ƙunzugun jariri, daga nan gammo, daga gammo sai tsumman goge keke. Jariri kuwa ba ma saka masa sabo a jiki, sabo yana da danƙo da kaushi, sai wanda ya sha wanki ya yi laushi. Da tsohuwar zuma ake magani 'yan nan. Keken Singer ɗina na hannu har yau yana nan, na ɗinka wa 'ya'ya takwas da shi.

Malam Mai Alli:
Inna ina gaisuwa, a gafarce ni zan yi ƙaramin musu da babba. Ita zuma ai ba ta lalacewa ne, shi ya sa ake misalta ta da tsohon hannu ko tsohuwar amana. Zani kuwa kullum raguwa yake. Anya ba mu ja maganar ta wuce inda ta tsaya ba?

Inna Mai Keke:
Malam kai alli ka riƙe ni allura na riƙe. Ka je ka goga sabuwar atamfa a wuyan ɗan kwana bakwai ka ga ƙuraje, sannan ka dawo mu yi maganar ko tsufa na ƙara wa zani wani abu.

Ɗan Damagaram:
Hhhh Malam a bar wa Inna wannan. Ni abin da na gani, karin maganar da facala ta jefo ma ai ta Maman Biyu ce, ta ɗauko sanda ne ta miƙa wa wadda za ta doke ta. Don 'yar uwar maganar ita ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, dukansu biyu aro suke kushewa suna yabon naka komai ƙanƙantarsa. Wadda ta yanka nata ta ɗinka da wadda ta je ta ɗauko yadi bashi a wajen dillaliya ana bin ta har babbar sallah, wa ke sanye da kayan aro a cikinsu? Ban ce facala bashi ta ci ba fa kar a kai ni gaba. Kuma in tsohon kaya aro ne to duk mai shiga Ƙofar Wambai ya ɗauko gwanjo, mu nan mu ce bosho, shi ma aro ya yi wajen Bature kenan.

Autan Hajiya:
Ni dai tunda maganar zani ake, wadda ta dace ita ce zani ce ta tadda mu je mu 😂

Malam Mai Alli:
Auta wannan ba zanin ɗaurawa ba ne, "za ni" ce ta tafiya, mai niyyar tafiya ya gamu da mai cewa mu je. Rubutu ne ya haɗe muku su. Koma makaranta.

Mai Shadda:
To tunda allura ta tono garma bari ni ma na kawo ƙarata. Ina da wata babbar riga gezna ruwan toka da na yi angonci da ita, na daina sakawa don kafaɗar ta ɗan ci saboda yawan naɗewa, na ajiye da niyyar in kai Ƙofar Mata a sake rina min ita a buga, don na ga suna mayar da tsohuwar riga kamar sabuwa. Na dawo daga tafiya kawai na ga yarana maza biyu sun fito da kaftani da wando iri ɗaya, ina ta yabawa ina cewa wannan shadda kamar na san ta, uwargida tana ta murmushi. Hannuwan rigar ta yanke duka biyu, ta bar min wuya da aikin aska takwas kamar allon makaranta. Malam wannan kuma me sunansa, aro ne ko me?

Telan Fagge:
Yallaɓai wannan ba aro ba ne, ƙwace ne da izinin soyayya. Amma a gaishe da Hajiya don ta san aiki, babbar riga a hannuwan nan yadin yake, kuma ta yi daidai da ba ta shiga cikin aikin ba, in ka yanka surfani warwarewa yake yi. Kar ka yar da wuyan, ana ɗora shi a kan sabon yadi in an samu kala mai kama, sai dai a fara wanke sabon don kar ya tsuke daga baya ya tattare ɗinkin.

Bazazzagiya:
Ɗan Damagaram na ji taka kuma ta shige ni, amma ni har yanzu ina nan kan cewa a riƙa tambayar yaron in ya yi wayo. 'Yan shekara uku ba ruwansu. 'Yar shekara tara kuwa ta san zanin da duk unguwa ta sani. Ko a rina shi, ko a haɗa da wani yadi a canza masa kama, ko a bar shi na zaman gida.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Inna Allah ya ƙara lafiya, Yaya Bazazzagiya maganarki ta taɓa ni kuma zan riƙe ta don yanzu shekararsu uku da rabi. Amma ku ji abin dariya, yanzun nan na ɗauko rigunan na ɗaga su a rana kamar yadda Telan Fagge yace, ta Husaina lafiya lau, ta Hassana kuwa ashe tsakiyar zanin na sa mata a baya, haske har ina hango yatsuna. Kar fa bakin facala ya kama ni da gaske. Malam tela a sa shafi ne ko a farke a juya?

Telan Fagge:
Kar ki farke anti, ramin allura zai ƙara raunata shi. Ki samu farin yadi mara nauyi na auduga ki wanke shi tukunna, ki yi mata shafi daga ƙugu zuwa gwiwa, allura lamba 11 ko 14, ki buɗe tazarar ɗinkin kaɗan don in ya yi ƙanana zaren ne zai yanka tsohon ƙyallen. In akwai ragowar ɗankwalin ki ajiye, aljihu zai yi ko maho nan gaba.