Shawara kan sayen baka mai kwancewa gida uku da aka taɓa amfani da shi

Mai tambaya daga Yamai:

Assalamu alaikum. Wani bawan Allah da ya dawo daga Faransa ya kawo mini baka irin wanda ake kwancewa gida uku, wato mariƙi a tsakiya da fikafikai biyu masu lanƙwasa da ake ɗaure su da ƙusa mai murɗi. An rubuta a jikinsa inci 62, wato tsawonsa, da fam 45, wato nauyin jansa. Abubuwa uku ne suka hana ni biyan kuɗi nan take: tsarkiya ba ta kwanta daidai cikin kwarmin fiffiken sama ba, bakan yana ƙara mai ƙarfi idan an saki kibiya, sannan akwai wani farin layi siriri a gefen fiffiken ƙasa. Mai shi ya ce duk ba kome ba ne. Wanne ake gyarawa, kuma wanne ne zai sa in haƙura?

Wani dattijo daga Tawa:

Wa alaikumus salam. Yarona, ka fara da farin layin nan, domin sauran biyun suna bayansa. Bakan maharbanmu na Adar itace ne guda ɗaya, idan zai karye ido yana ganin tsagar. Wannan kuwa siraran katako ne da faiba (zaren gilashi) aka manne da gam, kuma gam ɗin ba ya jure zafi irin na watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin mota rufaffiya. Ka tambayi mai shi inda bakan ya zauna tun da ya iso. Sannan ka ɗaura tsarkiya, ka ɗauki ɗan audugar da ba a kaɗa ba ka shafa ta a gefen fiffiken daga gindi har baki, duk inda ta maƙale to faiba ta fara tashi. Ka gwada da farce kuma: idan farce ya zame a kan layin, mai yiwuwa ƙarzuwar fenti ce kawai, amma idan ya shiga, ko ka ga layin yana buɗewa yayin da wani ke jan bakan a hankali, ka mayar masa da kayansa. Ni na taɓa yi wa irin wannan layi sakaci, fiffiken ya ɓalle a hannuna ana tsakiyar ja, har yau da tabo a goshina.

Wani mai koyar da harbi a Yamai:

Baba ya faɗi babbar magana, zan ƙara a kan ƙarar da kuma tsarkiya. Malam, ka auna tazarar da ke tsakanin tsarkiya da wurin da ya fi zurfi a mariƙin. A bakan inci 62 yawanci tana tsakanin santimita 19 da 21, idan ta yi ƙasa da haka tsarkiya tana marin fikafikai, sai ka cire ta ka murɗa ta kaɗan ka mayar har ƙarar ta ragu. Ka duba ƙusoshin ma, domin katakon da ya saba da laimar Turai yana ƙanƙancewa a hunturunmu, ɗaurin ya yi sako-sako. Kibiya mara nauyi ita ma tana jawo ƙara, kuma tana cutar da bakan kusan kamar sakin tsarkiya ba kibiya, abin da kada ka yarda kowa ya yi ko da sau ɗaya. Idan bakin fikafikan ba a ƙarfafa shi ba, tsarkiyar zaren Dacron mai ɗan miƙewa kaɗai za ka sa, domin zare irin su Fast Flight ba sa miƙewa sosai, suna iya yanka bakin.

Game da karkacewar, ka jingina bakan a kan kujera, ka tsaya a bayansa ka duba ko tsarkiya ta raba fikafikai biyun a tsakiya. Ka ja sau uku ka sassauta a hankali, idan kullum tana komawa gefe guda to fiffiken ya murɗe, kuma galibi ɗaura tsarkiya ta hanyar tura ƙafa ne ke jawo haka. Ƙaramar murɗewa tana gyaruwa da murɗa shi ta ɗaya ɓangaren da hannu. Abin da ya fi damuna shi ne fam 45 ɗin, wato kusan kilo 20 idan an ja inci 28. Ga mai farawa, fam 25 zuwa 30 ya isa.

Dattijon Tawa:

Ban yarda da gyaran murɗewa kafin saye ba, ɗana. Wanda ya riga ya mallaki baka shi ke lallaɓa shi, mai saye kuwa bai san ko gobe zai koma yadda yake ba. Kuma ka tambaya ko fikafikan na tsarin ILF ne, wato tsarin ɗauri na bai ɗaya da ke sa fikafikan kamfanoni daban-daban su shiga mariƙi ɗaya. Idan ba su ba ne, galibi sai na kamfanin da ya ƙera mariƙin za su shiga, kuma ba a kasuwar Katako ta Yamai za ka same su ba.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na koma jiya da auduga da abin awo. Tazarar santimita 17 ce, da na murɗa tsarkiya ƙarar ta ragu ƙwarai. Sai dai audugar ta maƙale a kan layin, kuma mai shi ya amsa cewa bakan ya yi kwanaki a bayan mota. Na yi masa tayin mariƙin shi kaɗai, ya ce zai yi shawara zuwa Juma'a.