Lasisin "har abada": ciniki ne ko bashi?

Bashir: Jama'a, ni dai maganata ɗaya ce. Duk mai rubuta fulogin (ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a kan wata babba don ƙara mata aiki) shi kaɗai, in ya sayar da lasisin har abada, bashi ya ci. Sau ɗaya zai karɓi kuɗi, gyara kuwa ba ya ƙarewa, don filin da ya yi gini a kai ba nasa ba ne. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ta kawo sabon editanta Gutenberg a Disambar 2018, Google kuma ta tilasta wa masu fulogin na burauzar Chrome komawa sabon tsarinta, Manifest V3. Wa ya biya su ladan sake aikin?

Hauwa: Malam Bashir, ka manta da mai saye. Mutane sun gaji da cirar kuɗi wata-wata. Abin da maɓalli ɗaya kawai yake ƙarawa a burauza, ba kuɗin saba (kwamfutar da ke riƙe da bayanai a intanet) kake biya masa ba, da wane ido za ka ce a riƙa biyan ka duk shekara?

Aminu: Malama Hauwa, a WordPress ai ba manhajar kake sayarwa ba. Lasisin GPL, wanda WordPress ke aiki da shi, ya halatta wa wanda ya saya ya kwafa ya raba wa duniya. Hajarka ita ce sabuntawa da amsa koken kwastoma, su kuwa lokaci suke ci kullum. WooThemes ma, masu sayar da kayan WordPress, da girmansu, a 2013 suka daina sayar da na har abada.

Hauwa: Kuma sun sha surutu a kai, kada ka ɓoye wannan.

Aminu: Sun sha, amma ba su rufe ba.

Usman: Ku yi haƙuri in ɗan ratse. Kafin a kai ga farashi, ta ina za ka karɓi kuɗin? Chrome Web Store, kasuwar fulogin na Chrome, ta rufe tsarin biyanta a 2021. Tun 2015 kuma harajin VAT na Tarayyar Turai a kan kayan dijital ƙasar mai saye yake bi. Shi ya sa da yawa suke fakewa a bayan Paddle, wadda ke sayar da manhaja a madadinsu, ta ɗauki kasonta ta ji da harajin.

Hauwa: To ga tsaka-tsaki. Da JetBrains, mai sayar wa masu rubuta manhaja kayan aiki, ta koma biyan shekara-shekara a 2015, kwastomomi suka yi caa, sai ta sassauta: wanda ya biya wata 12 a jere, sigar da ya fara da ita ta zama tasa, ko ya daina biya. Me zai hana mu yin haka?

Bashir: Manhajar JetBrains da ƙafarta take tsaye, tsohuwar siga za ta yi ta aiki. Fulogin fa? Ranar da uwar manhajar ta canza, tsohon ya mace. Mutumin nan ba zai tuna ya daina biya ba, tauraro ɗaya zai danna maka a bainar jama'a.

Hauwa: Sai ka rubuta masa sharaɗin ɓaro-ɓaro a shafin saye.

Bashir: Tsakani da Allah, ke kina karantawa?