Awarwaron dutsen jed: in saya ko in dakata?

Maman Nana: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata mai sayar da kayan ado ta intanet ta turo min hoton awarwaron jed, kore shar. Ta ce na ƙasar Miyanma ne, ajin A, wato wanda ba a sa masa sinadari ko rini ba, amma babu takardar gwaji. Mahaifiyata zan saya wa. In biya?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Jed iri biyu ne, jedayit da nefrayit. Jedayit na Miyanma ya fi daraja, nefrayit kuma ana haƙo shi a Chaina, Kanada da Rasha.

Hajiya Ummi: 'Yar'uwa, kar ki soma! Ni ma ajin A aka ce min. Tun yana ɗaukar ido har ya fara komawa rawaya-rawaya, saman ya yi ƙananan tsagu. Da na kai gwaji aka ce an jiƙa shi a asid, aka ɗura masa roba, sannan aka rina. Wato ajin B (asid da roba) da ajin C (rini) a haɗe. Na kira matar, ta rufe ni. Kuɗin bai dame ni ba kamar kunyar da na ji, domin 'yata na ba.

Anti Bilki: In dai bai kai kuɗin awarwaron gwal ba, jabu ne.

Ummu Sadik: Haba Anti, nawa ko rabin haka bai kai ba, kuma gwaji ya nuna nefrayit ne na gaske. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi kawai nake wanke shi, ba na bari turare ya taɓa.

Anti Bilki: Ki ɗora a kumatu, in da sanyi na gaske ne.

Abu Safwan: Gilashi ma sanyi gare shi. Na'urar ɗakin gwaji kaɗai ke gano robar.

Anti Bilki: Malam, ka taɓa sawa a hannunka? Karatu daban, gogewa daban.

Ɗan Autan Mama: A fasa koriyar kwalba mana, a huta 😂

Hajiya Ummi: Ba abin dariya ba ne, yaro.

Abu Safwan: Ni masu haƙar ke ba ni tausayi. A Yulin 2020 ƙasa ta zaftare a Hpakant, yankin haƙar jed a Miyanma, sama da mutum 170 suka mutu, akasarinsu talakawa masu tsintar dutse a tarkace.

Ummu Sadik: Innalillahi. Dillalai ke cin riba, su ne kuma ke haska fitila a bayan dutse kafin su ɗauki hoto.

Maman Nana: To jama'a, in nemi takardar ko in fasa?

Hajiya Ummi: Takardar ma ana buga ta bogi. Tawa har da hatimi.