Giyabos ɗin a-kori-kura na zafi a Hawan Kibo, me zan yi?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Hilux ɗina mai injin fetur 2.7 ce, otomatik. Ina sauka da dankali daga Bokkos zuwa Abuja, in dawo da taki, kuma yanzu na haɗa mata ƙaramar tirela. Duk na kama Hawan Kibo, hawan nan na hanyar Jos, da kaya sai ta yi ta neman giya, tana shiga tana fita, ga wani ƙauri. Wani ya ce in canza giyabos gaba ɗaya in sa babba. Me kuka gani?

Mai Taya: Wa alaikumus salam. Buhu nawa kake ɗorawa?

Baban Khalifa: Ashirin a bodi, arba'in a tirela.

Mai Taya: Alhaji ka ji tsoron Allah. Buhun taki kilo 50 ne fa. Tan uku ke nan ka ɗora wa baiwar Allah.

Injiniya Bukuru: Kada ka taɓa giyabos tukuna. Zafi ne matsalarka. Man giya yana son ya zauna wajen digiri 80 zuwa 90, in ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, daga nan fiba, wato faya-fayan kuloci na cikin giyabos, ta bi shi. A hawa da kaya kanbata, wadda ke haɗa injin da giyabos, ba ta kullewa, zamewa take yi, wannan zamewar ce ke dafa man. Ga shi Jos ta kai wajen mita 1,200 daga teku, injin da ba shi da tobo, mai cusa masa ƙarin iska, yana rasa ƙarfi in iska ta yi ƙaranci, sai ka ƙara taka totur, zafi ya ƙaru. Ka sa ƙarin kula, wato na'urar sanyaya man giya, a gaban lagireto. Kuma kafin ka kama hawan ka sauke ta daga D zuwa 3, in ya yi tsanani 2.

Kawu Na Gangare: Maganar kula gaskiya ce, amma ɗana ka duba hannun da zai sa maka. Ni abin da ya same ni har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na kai tawa wurin wani bakanike, na sayi kula mai kyau da kuɗina. Ashe da ya zo haɗawa sai ya sa tiyon fetur, ba tiyon man giya mai jure zafi ba, ya ɗaure da kilif ɗin da bai kai ya kawo ba. Kuma ya cire layin daga lagireto gaba ɗaya, alhali kamata ya yi man ya fara bi ta lagireto, sannan ya shiga sabuwar kula, ya koma giyabos. Muna tsakiyar hawa tiyon ya fashe. Ni ban ji komai ba, sai wani mai tirela a bayana ya yi ta danna hon. Kafin in samu gefen da zan tsaya man ya tsiyaye, mota ta ƙi gaba ta ƙi baya, ga iyali a ciki, ga magariba ta yi. Da aka sauke tiren da ke ƙasan giyabos, man da ya rage baƙi ƙirin kamar an dama gawayi. Na sayo giyabos ɗan Beljiyam, shi ma aka ba ni wanda soket ɗinsa bai dace da birenbos ɗina, wato kwamfutar motar, ba, sai da aka mayar aka yi ta rigima kafin a canza. Don haka mai ce maka ka sa babban giyabos, ka tambaye shi wace kwamfuta za ta sarrafa shi. Ka tsaya a kansu lokacin aikin, ka ga tiyon da idonka.

Ɗan Terminus: Allah ya kiyaye gaba, Kawu.

Sarkin Manuwal: Duk wannan wahalar ta masu otomatik ce. Ka mayar da ita manuwal ka huta.

Mai Taya: Ga shi nan ya zo 😂 Kai da ka ci kuloci biyu bara?

Sarkin Manuwal: Kuɗin kuloci nawa, kuɗin giyabos nawa? Yi lissafi mana.

Hajiya Maman Amira: Ni abin da ya tsaya min a rai saukar ce, ba hawan ba. Tirelar tana da birki nata?

Baban Khalifa: Ba ta da shi, Hajiya. Maƙera ne suka haɗa min.

Injiniya Bukuru: To wannan ya fi maganar giya girma. Tirela marar birki iyakarta kilo 750 har da nauyin kanta. Kai kana jan tan biyu. A gangara ita ke tura ka. Ko ka sa mata birki ko ka rage kaya, kuma ka sauka da 2, kada ka kwanta a kan birki har ya yi hayaƙi.

Ɗan Terminus: Injiniya, man giya fa? A Dilimi, wurin masu kayan mota a Jos, kowa cewa yake jan mai duk ɗaya ne.

Injiniya Bukuru: Ba ɗaya ba ne. Ka duba abin da ke rubuce a sandar awon mai ko littafin motar. Man giya na Toyota iri-iri ne: in T-IV ne T-IV, in WS ne WS, kada a gauraya. Tsohuwar mota da ta daɗe ba a canza ba, a zubar ta ƙasa a cika, a canza filta, bayan 'yan makonni a sake.

Mai Taya: Ni ban yarda ba, wanki da na'ura ya fi fitar da datti.

Kawu Na Gangare: Ya fitar da datti ya kai shi inda zai toshe. Na ga wadda aka wanke, washegari ta daina shiga ribas.

Mai Taya: Wannan dama ta riga ta mutu ne, Kawu.

Hajiya Maman Amira: Baban Khalifa, tunda kana Bokkos, nawa buhun dankali wannan satin? Ina son biyu a ajiye min a Mararaba.

Baban Khalifa: Zan kira ki bayan la'asar, Hajiya. Injiniya, kular a Apo zan nema ko akwai a nan Farin Gada?

Sarkin Manuwal: Mai neman giyabos na manuwal dai ya yi min magana, akwai ɗaya a ƙasa.