Wane aiki zan ba tsohon tela mai cutar mantuwa idan la'asar ta yi?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi.

Baba shekarunsa 78, tsohon tela ne, likita ya ce cutar mantuwarsa ta kai matakin tsakiya. Da safe ba matsala: yana ninke zannuwa da tawul na minti 15 zuwa 20, hankali kwance. Amma da ƙarfe 4:30 na yamma sai ya miƙe neman takalmi, wai zai je ya rufe shago, ya yi ta jijjiga ƙofar gida har magariba.

An duba shi, ba ciwon fitsari, ba taurin bayan gida. Mun daina ba shi shayi bayan azahar, baccin rana bai wuce rabin awa, kuma muna kunna fitila tun kafin duhu.

Ware maɓallai bisa launi ya karɓa, sai ya fara kai su baki, dole muka janye. Keken ɗinkinsa kuwa mun cire allura don kada ya soke hannu. Nan take ya gane, ya ce an yi masa sata, rikicin ranar ya fi na kullum. Karatun Alƙur'ani a rediyo yana zaunar da shi minti goma kawai. Tattaki bai yiwu ba, da mun fita ya ƙi dawowa.

Wane aikin hannu ne mai kama da ɗinki, babu allura, almakashi ko abin da zai haɗiye, da zai riƙe shi kamar minti 30 a wannan lokacin? Na gode.