Me za mu kira "citation" da "indice h" da Hausa?

Malamin fiziks, Marwa:
Assalamu alaikum malamai. Ana shirya bayanin Hausa kan Peter Shor na jami'ar MIT ta Amurka, wanda a 1994 ya fito da dabarar da kwamfutar kwantam (mai aiki da dokokin fiziks na ƙananan ƙwayoyin zarra) za ta bi ta gano lambobin da aka ninka suka ba da wata babbar lamba. Kalmomi biyu sun gagara: citation (sa aikin wani a jerin manazarta) da indice h (Faransancin h-index, lambar da ake auna takardun masani da ita). Shawarata "ambato" da "ma'aunin tasiri".

Malamar laburare, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Malam, "ambato" ya yi faɗi da yawa. Marubuci kan rubuta "dabarar Shor" ya wuce abinsa, bai sa takardar a jerin manazarta ba. Ya ambace shi kam, amma Scopus da Google Scholar, rumbunan intanet masu ƙirga citation, ba za su ƙirga masa komai ba, don jerin ƙarshen maƙala suke bi. Ni "jingina" na zaɓa. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san jingina magana ga mai ita. Sai a ce takarda kaza ta samu jingina 300.

Ɗalibi, Garwa:
Malama, a gafarce ni, a kasuwa jingina ai ta gona ce ko babur, idan an ci bashi.

Malamar laburare:
Haka ne ɗana, amma ba wanda zai ji "jinginar maƙala" ya zaci an kai ta wajen mai ba da rance.

Malamin lissafi, Njamena:
Na yarda da jingina. "Tasiri" ne ban yarda da shi ba, kuma lissafin kansa zai nuna dalili. Jorge Hirsch, masanin fiziks a San Diyego ta Amurka, shi ya kawo ma'aunin a 2005. Jera takardun mutum daga mai yawan jingina zuwa mai ƙaranci, ka ba kowace lambar layi. Sauko har inda jinginar ta gaza lambar layin, ka koma baya taki ɗaya. Misali takardu 7 masu jingina 40, 22, 9, 6, 5, 3, 1. Ta biyar tana da 5, ta cika. Ta shida tana da 3, ta gaza. To h ɗinsa 5 ne.

Yanzu mai da 40 ɗin nan ta zama 40,000. Har yanzu 5 ne, ko motsi bai yi ba. Takardar Shor da ta tayar da hankalin masu kulle bayanai da RSA (tsarin ɓoye bayanai da ya dogara da wahalar gano lambobin da aka ninka), da ta Lov Grover ta 1996, wata shahararriyar dabarar kwantam, kowace maki ɗaya tak take ƙara wa mai ita. Yaya za a kira wannan ma'aunin tasiri?

Malamar laburare:
Ga kuma tarkunan fannin kwantam ɗin. Yawanci masanan fannin sukan fara sa aiki a arXiv, rumbun maƙalu na intanet, kafin mujalla ta buga, sai jinginar ta rabu gida biyu idan ba a haɗe kwafin ba. Google Scholar yana da maɓallin haɗewa, a yi amfani da shi kafin ƙirga. Aikin Shor ma sau biyu ya fito: na taron 1994 da cikakkensa a mujallar SIAM a 1997. Sannan takardar Google ta 2019 a mujallar Nature, kan na'urar kwantam ta Sycamore mai kubit 53 (kubit shi ne ƙwayar bayani a kwamfutar kwantam), marubuta fiye da 70 ne, kuma kowannensu jinginar gaba ɗaya ake rubuta masa, da wanda ya tsara gwajin da wanda ya ɗan taimaka. Google Scholar kuma yakan ba da adadi sama da na Scopus, tunda har kundayen digiri yake kwashewa, don haka dole a faɗi inda aka ɗauko lambar da ranar.

Malamin fiziks, Marwa:
Na janye duka biyun. Jingina ta zauna, wanda ya jingina ga aikin kansa kuwa "jinginar kai". Ɗayan fa? Mu nan "ash" muke kiran harafin h, 'yan'uwanmu na Kano "ec".

Malamin lissafi:
A bar harafin a cikin lissafi kawai. A baki a ce "ma'aunin Hirsch", a karon farko a ƙara "na jingina". Rubuta haka, Malam: ma'aunin Hirsch na wane 5 ne, bisa ƙirgar Scopus, ranar kaza.