"Kwalliya ta biya kuɗin sabulu": tsofaffin finafinan ƙaramin jari a kan Blu-ray

Malam Na-Fagge: Assalamu alaikum. Ana ta jefa wannan karin magana cikin gardamar tsofaffin finafinan da aka yi da ƙaramin jari, waɗanda ake sake fitarwa a Blu-ray, faifan bidiyon da hotonsa ya fi na DVD fitowa tangaran. Masu suka na cewa kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, tunda tun asali hotonsu ba shi da kyau. Shin maganar ta zauna a nan? A fahimtata ba riba take nufi ba. Wanda ya sayi sabulu ya yi wanki ya caɓa ado, abin tambaya shi ne ko fitowar da ya yi ta kai abin da ya kashe. Mayar da uwar kuɗi ke nan.

Hajiya Mai Adana: Wa alaikumus salam, Malam. Fassararka daidai ce, amma masu sukar sun cakuɗa ƙarancin jari da ƙarancin hoto. Sabulu datti yake fitarwa, ba ya saƙa zane, don haka a fara duba zanen da ke ƙarƙashin dattin. Fim ɗin da aka ɗauka a kan zaren silima mai faɗin milimita 35, ko da ’yan wasansa aikin sa kai suka yi, nagatif ɗinsa, wato ainihin zaren da kyamara ta ɗauki hoton a kai, na riƙe da bayanin da ya zarce abin da DVD ke iya nunawa. DVD irin namu ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Blu-ray 1920 ne da 1080, ninki 5 cif. Ga Night of the Living Dead na George Romero, na 1968, baƙi da fari, jarinsa bai taka kara ya karya ba. An fitar da shi babu alamar haƙƙin mallaka, sai kowa ya riƙa kwafa daga kwafi har duhu ya cinye fuskoki. Da gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya koma kan nagatif na asali ya gyara shi a 4K (ɗigo kusan 4000 a kwance) cikin 2016, sai ga inuwa da haske kowanne a mazauninsa. A nan kwalliya ta biya har da canji.

Mai Majigi: Hajiya, Allah ya ƙara sani, amma kin ɗauko mai sauƙin. Da yawa daga cikin masu ƙaramin jari milimita 16 suka yi amfani da shi, wanda hoto ɗaya bai wuce milimita 10 da ɗoriya a faɗi ba. In an buɗe shi a babban allo, tsaki-tsakin sinadarin fim ɗin na fitowa ɓaro-ɓaro. Sannan abin da kaset ya rufa wa asiri duk ya tonu: bakin fatar robar da aka manna wa ɗan wasa, zaren da ke jan abin tsoro, wurin da kyamara ta kuskure saiti. Ni karin maganar da na ga ta fi dacewa ita ce "garin neman gira a rasa ido".

Hajiya Mai Adana: Wannan ta biyun tana da gurbi, amma ba inda ka ajiye ta ba. Tsaki-tsakin nan shi ne hoton kansa, ba datti ba ne. Inda ake rasa ido shi ne lokacin da mai gyara ya ji kunyarsa ya sa manhaja ta goge shi. Sai fatar mutum ta koma sulɓi kamar kyandir, saƙar riga ta ɓace, gashin gira ya narke. Daga nan a ƙara wa gefen abubuwa kaifi don a rufe ɓarnar, sai farin layi ya zagaye kan kowa. Haka nan fitowar da aka ɗauka da rana aka dusashe ta don ta zama dare: mai gyaran da bai sani ba zai ɗaga haske ya mayar da ita hantsi. Shi kuwa The Texas Chain Saw Massacre na 1974 a milimita 16 aka ɗauke shi, aka hura shi zuwa 35 don gidajen silima, kuma kowane hawa na kwafi yana ƙara kaurin tsaki yana rage kaifi. Da aka yi sikanin na asalin a 4K a 2014, an tsallake waɗannan hawa ne gaba ɗaya.

Ɗan Sabon Gari: Ku ba ni dama in kawo maganar gida, don a nan ne masu sukar ke da gaskiya. Finafinan Hausa na shekarun 1990 a kan kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su. VHS layi kusan 240 yake rarrabewa a kwance, launinsa kuma ya fi haka rauni nesa ba kusa ba, shi ya sa jar hula ke zuba ta wuce kan mai ita. Waɗanda suka zo daga baya a MiniDV, ƙaramin kaset na dijital, sun tsaya a 720 da 576. Babu wani nagatif a ɓoye da za a koma wa. Mafi muni shi ne a ɗauko VCD, mai ɗigo 352 da 288, a hura shi zuwa 1080. Ninki 20 ake nema daga abin da babu. Manhajar da ake kira mai ƙirƙirarriyar basira za ta cike giɓin da ƙage: haƙoran da ba na ɗan wasan ba, rubutun allon shago ya koma zanen da ba ya karantuwa.

Sai dai wannan ba ya nufin a bar kaset ya ruɓe. Sabulun da ya dace da shi daban ne. A nemo uwar kaset ɗin da aka tace fim a kai, ba kwafin kasuwa ba. A duba ta tagar kaset ɗin, in akwai farin fumfuna a goge shi tukuna, in ba haka ba zai toshe kan na’urar ya bi sauran kaset-kaset. A kunna a na’ura mai TBC, wadda ke daidaita rawar layuka, a fitar ta wayar S-Video don haske da launi kada su cakuɗe. A ɗauka a 720 da 576 ba tare da matsewa mai zubar da bayani ba. Bidiyonmu rabin hoto 50 yake bayarwa a daƙiƙa, wanda ya zubar da rabi ya bar 25 ya kashe santsin motsi, a rawa ake fara ganewa. Kuma a bar shi a siffarsa ta 4:3. Miƙe shi ya cika allon zamani shi ke sa fuskoki su baje.

Mai Majigi: To ai "da tsohuwar zuma ake magani", Malam.

Malam Na-Fagge: Wannan kan darajar tsohon abu take magana, kuma babu mai musun darajarsa a cikinmu. Ba ta amsa tambayar kuɗin sabulu ba. Abin da nake so a lura da shi: Bahaushe ya fi faɗin karin maganar nan bayan an gama aiki an ga sakamako, ko kuma cikin tambaya, "ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?" Yanke hukunci da ita a kan dukan tsofaffin finafinai tun ba a buɗe gwangwanin ajiye zaren fim ko ɗaya ba, an ja ta inda ba ta zuwa.

Hajiya Mai Adana: Kuma buɗe gwangwanin shi ne matakin farko a aikace. In warin tsami irin na binega ya buge ka, zaren ya fara lalacewa, yana ƙanƙancewa, ramukan gefensa ba za su hau haƙoran majigi ba, sai na’urar sikanin da ba ta da haƙora. In kwafin silima ne mai launi ya koma ja-ja, rinin shuɗi da na rawaya ne suka kwanta, kuma ba duka ake iya farfaɗowa ba. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an gano nagatif ɗinsa a ma’ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinan Berlin a 2018. Da kwafin kaset kawai ya rage, da wannan gyaran bai yiwu ba.

Ɗan Sabon Gari: Saura sauti, Hajiya, wanda masu gyara ke mantawa. A VHS akwai layin sauti na gefe mai shuuu, akwai na Hi-Fi, mai tsaftar sauti, a wasu kaset-kaset. A gwada duka biyun kafin a ɗauka, don wani lokaci na Hi-Fi na ƙara-ƙara in saitin bin layi ya kauce, na gefen kuma ya fito lafiya.